Idon Labbo Wanzami

Ƙaho huɗu na kafa a bayan wani mai sayar da gishiri, ranar kasuwar Bungudu da hantsi, sai ga Bawa mai jakai ya zo ya tsaya a kaina. Bai sauke kaya ba, bai ja gaisuwa ba. Ya ce yayana Labbo ya rasu shekaranjiya a 'Yankuzo, ta wajen Tsafe, kuma an yi masa sutura a can. Ya ciro zabirar Labbo daga cikin mangala ya ajiye kusa da ƙafata. Na yi salati. Mai gishiri ya yunƙura zai tashi, na danne kafaɗarsa, domin ƙahon bai gama ja ba, in an ɓalle shi a lokacin sai a bar mutum da kumburi ba a fitar masa da komai ba. Na jira. Na cire su ɗaya bayan ɗaya, na zubar da jinin a rami, na shafe tsagar. Sannan na rataya zabira biyu na nufi gida.

Ina rubuta wannan ne saboda ku samarin da kuke aski yanzu a wajen masu aikin hanyar jirgi kusa da Gusau. Kun sayi askar kanti, kun sami kawunan leburori da ba sa ƙorafi, kuna cewa wanzanci abu ne na kwana uku. Karatuna na allo ne, bai yi nisa ba. Zan faɗi abin yadda ya faru, ku ji abin da sana'ar nan take tsaye a kansa.

Mahaifinmu ya rasu shekarar da Turawa suka ci Sakkwato, ina ɗan shekara goma sha uku. Labbo ya girme ni da goma sha biyar, shi ya gaji zabira, shi ya koya mini. Shekara biyu na farko ban taɓa kan mutum ba, washi kawai nake yi: dutse, ruwa, sannan fata. Yakan ɗaga askar da na wasa ya sa bakinta tsakanin idonsa da hasken ƙofa, ya bi ta da kallo daga gindi zuwa tsini. In ya ga ciki ko tudu, ko da kaurin silin gashi ne, sai ya miƙo mini ba magana. Bayan haka aka ba ni duma. A shafa masa laka ta bushe, in kankare ta da aska ba tare da na ji wa duman rauni ba. Da na iya wannan aka sake mini kawunan tsofaffi, masu haƙuri da ƙarancin gashi. Ƙaho ya biyo baya, sannan cire belu, sannan kaciya. Zanen fuska shi ne na ƙarshe. Sai da na shekara takwas a hannunsa kafin ya bari na sa aska a kuncin jariri.

Kuncin ɗan kwana bakwai bai kai faɗin yatsu uku ba. A cikin wannan wuri za ka jera zube shida ko fiye, gwargwadon zanen gidan, daga wajen kunne zuwa gefen baki, kowane a miƙe, tazararsu ɗaya, jariri kuwa yana kuka yana mimmiƙewa. Fuska tana girma, kuskure yana girma tare da ita. Karkatar da ba ta kai ƙwayar gero ba ranar suna, ranar aure kowa zai hango ta daga bakin zaure. Labbo yakan ce gashi in ka ɓata shi zai tsiro, zane kuwa da shi za a rufe mutum. Gidanmu kuma akwai ƙa'idar da muka gada: hannun da ya fara fuska shi yake ƙarasa ta. Kowane hannu da irin kwanciyarsa, in biyu suka haɗu a fuska ɗaya kunci ba ya yarda da ɗan'uwansa.

Shekarar babbar yunwa mun yi kwana tara muna zagaya ƙauyuka ba mu aske kai goma ba. Ana suna ba rago, wani gidan ko fura babu. Ka kafa ƙaho ka zuƙa har haƙarƙarinka ya yi ciwo, abin da zai fito ruwa-ruwa ne. Jarirai ba kunci, fata ce a kan ƙashi. Labbo ya ƙi yi wa ko ɗaya zane a shekarar, duk da damin da za a ba mu shi ne abincinmu. Ya ce a jira kaka. Waɗanda suka rayu mun bi su bayan girbi muka yi musu, kuma a nan na san wahalar zanen yaron da ya fara wayo: mutum uku ke riƙe shi, yana kallon askar.

Damina huɗu bayan wannan, wata safiya ya maido mini aska ya ce bakinta ya yi ciki. Na duba ban ga komai ba, amma na koma kan dutse. Ya sake maido ta. Sau uku a rana ɗaya, har askar ta sirance. Kashegari ya je ya yi wa maƙerinmu faɗa, ya ce ƙarfen da yake ba mu yanzu murɗewa yake. Maƙeri ya ce ƙarfensa lafiya lau, sai dai ko wanzamai sun fara washi da ƙafa. Aka yi dariya aka bar maganar.

Bayan kwana kaɗan muna bakin rijiya, na zura guga ya cika, yana lilo har ya tsaya cik. Labbo ya daɗe yana kallon igiyar.

"Sambo, wagga igiya miƙe take?"

Na ce Yaya, igiyar da guga ke ja ai ba ta da yadda za ta yi.

Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya buɗe, ya rufe na hagu. Ya ce da na hagu miƙe take. Da na dama kuwa, daidai tsakiya, ta yi gwiwa kamar an taka kara. Ya ce kada in gaya wa kowa, ko a cikin gida.

Tun daga ranar bai sake zama wuri ɗaya ba. Muna tafiya sai ya tsaya ya kalli karan dawa, ko gefen ƙofar masallaci, ko layin kunya a gona, yana rufe ido yana buɗewa. In na yi magana sai ya ce in yi gaba yana zuwa. Idon ba ja, ba ƙaiƙayi, ba kwantsa, ba zafi. Duk wanda ya duba zai ce idon yaro ne. Amma ya ce in ya kalli mutum da shi, hanci yakan karkace, tsakiyar fuska ta tsuke kamar an ja ta da zare. Muka je wurin wani malami a Furfuri, aka yi rubutu ya wanke ido kwana bakwai. Aka haɗa masa kwalli da wasu saiwoyi. Ni da kaina na kafa masa ƙaho a ƙeya da gefen goshi, yana ta kaucewa yana ce mini in yi a hankali. An ce wanzami ba ya son jarfa, na tabbatar a ranar. Igiya dai ba ta miƙe ba.

Muka raba aiki ba tare da mutane sun lura ba. Belu da kaciya suka dawo hannuna, ya ce wa jama'a lokaci ya yi da ƙanensa zai saba. Aski yana yi da lalube, yatsa na gaba aska na bi, kuma har ya rasu bai yanki kowa ba. Zane ne ya ƙi saki. Yakan runtse idon dama ya yi da na hagu, mutane suna ɗauka ƙwarewa ce. Wata bakwai muna haka lafiya.

Gidan Nomau na Nahuce gidanmu ne tun kakanni. Mahaifinmu ya yi wa Nomau zane, Labbo ya yi wa 'ya'yansa uku. Da aka haifa masa ɗiya, aka raɗa mata Kulu, muka tashi da sassafe. A hanya na ce wa Labbo ko zai bar mini wannan. Ya ce in Nomau ya tambayi dalili me za mu ce masa. Muka ci gaba da tafiya.

Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida inda haske yake. Inna Tumba ungozoma, wadda ta karɓi haihuwar rabin Nahuce, ta ɗora jaririyar a cinya ta riƙe kan. Na yi askin suna. Labbo ya durƙusa, ya runtse idon dama, ya ja fatar kuncin dama da babban yatsa. Zanen gidan shida ne kowane gefe. Ina tsaye bayansa da ƙoƙon baƙin tukunya da ake shafawa a tsaga don ta fito. Na farko ya wuce da sauri ban gane ba. A na biyu na gani: daidai tsakiya askar takan ɗaga sama kaɗan, sannan ta dawo hanya. Abin ya riga ya shiga idon hagu shi ma, bai sani ba. Yana ganin layin ya lotsa ƙasa, yana gyarawa, gyaran nan shi ne ɓarnar.

A nan laifina yake. A gidanmu ƙane ba ya magana a kan hannun maigidansa gaban mutane, balle aska tana kan fata. Shekara goma sha biyar ana koya mini haka. Na buɗe baki na rufe. Na uku, na huɗu, har na shida, ina riƙe da ƙoƙo ina kallo.

Inna Tumba ta share jinin ta juya kuncin wajen rana.

"Kai Labbo, yau zanen naka tafiyar maciji ya koya?"

Da wasa ta faɗa, mata biyu suka yi dariya. Sai ta sake dubawa, ta daina. Labbo ya sunkuya ya kalli aikinsa. Shi a wurinsa shida ne miƙaƙƙu kamar haƙoran mataji. Ya juyo.

"Sambo, mi kaka gani?"

"Sun lanƙwashe, Yaya. Duk shidan."

Ya ajiye askar a kan fata. Ya aika aka kira Nomau daga zaure, ya gaya masa komai tun daga igiyar rijiya, gaban mata, bai rage ba. Nomau mutum ne mai sanyi. Ya daɗe yana kallon ɗiyarsa, sannan ya ce to Sambo ya ƙarasa na hagu. Labbo ya ce a'a. Ya ce fuskar nan hannunsa ya fara ta, a ba shi lokaci ya san abin da ke idonsa, ya yi magani, ya dawo ya zauna da ita ya ga yadda za a yi wa na hagu har ya rufa wa na dama asiri. Ya roƙi kada kowa ya taɓa. Nomau ya ce ya ji. Aka kawo mana ƙafar rago kamar yadda aka saba, Labbo ya bar ta a zaure.

Kafin kasuwa ta zagayo labari ya gama Bungudu. Masu jego suka fara aiko a ce Sambo ake so, shi kaɗai. Wasu tsofaffin abokan askinsa suka tsaya masa, wani ma yakan zauna ya ce Sarkin Aska, ga kai nan, kunne dai guda biyu na zo da su. Amma ba aski ne a ransa ba. Ya shiga yawo.

A Gusau akwai wani baƙo mai cire yanar ido da yake zama gefen kasuwa. Na raka Labbo wurinsa, muka kwana a hanya. Mutumin ya buɗe fatar idon, ya juya shi rana, ya juya shi inuwa, ya ce shi yana yake turewa da tsinke, nan kuwa babu yana, in ya sa tsinke sai dai ya tsiyayar da ido mai kyau. Ya ƙi karɓar goron da muka kai. Wata mata a Tsafe ta ce iska ce ta bi ta gabansa. Wani ya ce sammu ne daga abokin sana'a, ya kawo sunaye biyu. Labbo yakan saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambaya ɗaya: to me ya sa a tsakiya kawai take lanƙwasa, sama da ƙasa miƙe? Duk maganin da aka ba shi yana sha, yana shafawa, yana turarawa, da safe ya tafi bakin rijiya.

Da muka ji wani likitan Turawa mai rangadi ya sauka a barikin Gusau, muka koma. Kwana huɗu muna zaune gindin bishiya tare da masu gyambo da masu tari kafin a kira mu. Aka shiga da mu wani ɗaki aka rufe taga, aka kunna fitila da rana tsaka. Baturen ya sa wani ɗan madubi mai huda a idonsa, ya matso har numfashinsu ya haɗu, ya daɗe yana leƙe. Sannan ya yi magana, tafinta ya juya mana. Ya ce gaban idon lafiya yake. Abin yana can ƙurya, inda hannu ba ya kaiwa, wurin ya tattare kamar tabarmar da ruwa ya shiga ƙarƙashinta. Bai san abin da ya kawo shi ba. Wani yakan warke da kansa, wani ba ya warkewa, kuma ba shi da maganinsa a akwati. Labbo ya ce a tambaye shi sunan ciwon. Tafinta ya tambaya, suka yi 'yar magana, ya ce Bature bai tabbatar ba, kuma abin da yake zato ba shi da suna da Hausa.

Muna fitowa Labbo ya ce, "Shi kaɗai ya ga abin. Amma ciwon da ba shi da suna, wa zan je in ce ya ba ni maganinsa?"

Shekara biyu da rabi yana wannan tafiya. Duk bayan wata biyu ko uku sai ya ratsa ta Nahuce, ya zauna a zauren Nomau, a kawo masa Kulu. Ba ya kallonta sosai. Babban yatsa yake bi da shi a kan zuben, ɗaya bayan ɗaya, domin yatsan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Yakan ce wa Nomau saura kaɗan, ya ji labarin wani mai magani. Kullum akwai wani. Na ƙarshe wani tsohon Bafillace ne da rugarsu take kusa da 'Yankuzo, aka ce ya san idon shanu da na mutane, har ya taɓa warkar da mai ganin abu biyu. Ranar tafiya ina da suna a Furfuri, don haka ya bi Bawa mai jakai. Bawa ya gaya mini sun isa sun tarar da ruga ta tashi kwana biyu kafin zuwansu, sai toka da turaku. Labbo ya ce zai jira ya ji inda suka nufa. Zazzaɓi ya kama shi a gidan da suka sauka, kwana uku.

Bayan sadakar arba'in Nomau ya zo Bungudu da Kulu a kafaɗa, tare da wansa da Inna Tumba. Ya yi mini gaisuwa, sannan ya ce mai hannun ya tafi, ƙa'ida ta faɗi. Yara sun fara kiran ɗiyarsa Rabi-rabi. Ya ce in ƙarasa.

Na zaunar da ita a haske na duba. Zuben ya warke sarai, baƙi, tsabta, tazara daidai kamar an auna. Aikin Labbo ne ba shakka. Kowane da ɗan tudunsa a tsakiya, kuma tudun ya girma tare da kuncin. Na tambaye su wane iri zan yi.

Inna Tumba ta ce in bi na dama, lanƙwasa da lanƙwasa, fuska ta yarda da kanta, wanda bai sani ba ya ɗauka zanen wani gari ne. Wan Nomau ya ce sam. Zanen gidansu miƙaƙƙe ne, in an lanƙwasa duka biyun yarinya ba ta da gida ta kowane gefe, gara ko rabin fuskarta ya faɗi ko ɗiyar wa ce. Suka yi ta ja. Nomau bai sa baki ba sai da suka gaji.

"Sambo, kai ne wanzami. Yi abin da ya kamata."

Na ce su ba ni kwana bakwai. Na sami duma na zauna bayan ɗaki ina kwaikwayon lanƙwasar, har hannuna ya iya ta, in na jera shida ba ka bambanta su da na Labbo. Amma duk lokacin da askar ta zo tsakiya zan ɗaga ta, sai in ji kamar an riƙe mini wuyan hannu. Shi bai san yana ɓatawa ba. Ni da ido biyu lafiyayyu zan sa aska a fuskar ɗiyar mutane in karkatar da gangan. Na juya duman na ja shida miƙaƙƙu a ɗaya gefen, na ajiye shi a kan katanga na ja baya. Daga taku goma ana karantawa: nan wanda ya ɓata, nan wanda ya gyara. Haka Kulu za ta yi ta yawo da shi kasuwa da biki har tsufanta, ana nunawa ana kiran sunan Labbo. Kuma ni ne na tsaya da ƙoƙo na bari aka kai shida.

Da kwana bakwai suka cika na ce damina ce, tsaga ba ta son danshi, a bari sai kaka. Da kaka na ce sanyi ya shigo. Da bazara Nomau ya aiko, na ce ina da kaciyar yara goma sha biyu a gabana. Bai taɓa yi mini faɗa ba, kuma bai kai ta wurin wani wanzami ba, ko da yake akwai su a Gusau. Na yi wa ƙannenta biyu zane bayan haka, shida-shida, miƙaƙƙu, a tsakar gidan nan, tana tsaye tana kallo.

Bana shekarar Kulu goma sha ɗaya. Nomau ya daina aikowa. Kuncinta na hagu har yau ba a sa masa aska ba.